DOKIN MAI BAKI YA FI GUDU: TSOKACI A KAN GWANINTA DA HAƘƘIN YABO

Gabatarwa

Bahaushe ya ce dokin mai baki ya fi gudu. Akasari mukan kawo wannan karin magana ne in muna son mu zolayi mai cika baki, wanda dokinsa bai taɓa cin sukuwa ba sai a fatar bakinsa. To amma in mutum ya zauna ya yi mata kallon tsanaki zai tarar akwai ɗaci a cikinta, domin kuwa abin da take nuna mana shi ne, wanda aka ba da labarin gudunsa shi duniya ke sani, ko da kuwa akwai wanda ya fi shi gudu. Ke nan gudu daban, labarin gudu daban, kuma sau da yawa sukan raba hanya.

Tambayar da nake son mu tattauna a wannan fitowa ita ce: idan mutum ya ƙware a kan wani aiki, ya yi shi da hannunsa, ya ci nasara, shin ambaton sunansa haƙƙi ne da ya rataya a wuyan jama'a, ko kuwa alfarma ce wadda in an ga dama a yi, in ba a ga dama ba a bari? Na zaɓi in bi da maganar ta kan doki da matan da suka shahara wajen hawansa da horar da shi, saboda a wannan fage ne aka fi saurin ganin yadda ake raba mai aiki da sunansa. Kuma tunda mu marubuta sana'armu ke nan ba da labari, maganar ta shafe mu fiye da kowa.

Ranar Hawa Da Ranakun Barga

Duk wanda ya tashi a birnin Zariya ya san yadda gari kan kasance a ranakun Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe. Tun daga Ƙofar Doka har ƙofar fada ba masaka tsinke. Hakimai da 'ya'yan sarki da barade sun sha rawuna da alkyabbu, dawaki sun sha ado, ga 'yan lifidi ga 'yan sulke, kakaki da algaita na tashi, 'yan bindiga na ɓarin albarushi. In aka zo jafi sai ka ga mahaya sun sako dawaki a guje kamar za su bi ta kan jama'a, sai sun zo dab da gaban sarki su ja linzami, dawaki su tsaya cak, a ɗaga hannu a yi jinjina. Nan take maroƙa za su ɗauki kirarin mai doki, mata su rangaɗa guɗa.

To, mai karatu, wannan tsayawa cak ɗin ba a ranar aka koye ta ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Doki dabba ce mai saurin firgita, halittarsa ke nan in ya ji ƙara ko ya ga baƙon abu ya zabura. Kafin a sami ingarman da bindiga za ta tashi a gefen kunnensa bai ko razana ba, sai an yi watanni, wani sa'in shekaru, ana fama da shi tun yana dukushi. Za a fara saba masa da hannun mutum da ragama, sa'an nan linzami, sa'an nan a ɗora masa sirdi ba kowa a kai har ya daina tutsu, kana a hau. A koya masa taƙama, a koya masa sukuwa da zamiya, a riƙa fita da shi kilisa da yamma cikin hayaniya don ya saba da mutane. Ban da wannan ga ɗawainiyar kullum: yankan ciyawa da damina, tanadin harawa da ingirici saboda rani, dawa da dusa da kanwa, wanka, gyaran kofato, share gindin turke, da kwana a farke ran da ciwon ciki ya kama shi.

Tun zamanin Manzon Allah (SAW) an san bambancin dokin da aka hora da wanda ba a hora ba. Ya zo a Bukhari da Muslim, ta hanyar Abdullahi ɗan Umar, cewa an yi tseren dawaki a Madina, inda aka ba waɗanda suka sami horo na musamman zango mai nisa, waɗanda ba su samu ba aka ba su gajere. Wato dai horo shi ke ƙara wa doki zango. Masarautunmu ma sun san nauyin wannan aiki, shi ya sa suka yi masa sarauta: Shamaki ke kula da bargar sarki, Madaki kuwa shi ne jagoran mayaƙan dawaki. Sai dai a ƙarƙashin waɗannan akwai 'yan barga bila adadin da suka rayu suka mutu a gindin turke ba maroƙin da ya taɓa kiran sunansu. In aka bi diddigi ma, dusar da dokin ke sha daga turmin matan gida take fitowa. Ranar hawa kuwa ɗan barga yana ƙasa a guje cikin ƙura, rawani yana sama yana amsa gaisuwa.

Ban kawo wannan don in rage wa mahayi daraja ba, domin zama daram a kan ingarma yana rawa da kai shi ma gwaninta ce da ba kowa ke da ita ba. Na kawo shi ne don mu gane cewa a harkar doki rabin aikin a ɓoye yake, kuma abin da ke ɓoye shi ya fi sauƙin sacewa.

Amina: Suna Ya Tashi, Aiki Ya Kwanta

Mu Zazzagawa ba sai mun je nesa neman mace gwanar doki ba. Sunan Amina 'yar Bakwa Turunku ya wuce Zazzau, ya wuce Nijeriya. Littafin Tarihin Kano na Larabci, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato tsakanin 1421 da 1438. Ya nuna ta ci garuruwa har zuwa Kwararrafa da Nufe, ta yi shekara 34 tana yaƙi, kuma Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ma ya kawo labarinta a cikin Infaƙul Maisuri, ya ce ta rasu a wani wuri da ake kira Atagara. Waɗansu masana tarihi kuwa sun kai zamaninta ƙarni na 16, bayan Bakwa da ɗan'uwanta Karama. Har yau a wurare da dama in an ga tsohuwar ganuwa sai a ce ganuwar Amina ce.

Ko wane ƙarni ne daidai, abu ɗaya a fili yake: a wancan zamani ƙarfin daula a bayan doki yake. Wanda zai tashi da runduna daga ƙasar Zazzau ya kai Nufe, ya komo, ya sake fita, shekara da shekaru, tilas ya san doki ciki da bai. Sai ya san yadda ake ciyar da ɗaruruwansu a hanya, da inda ruwa yake, da lokacin da ya kamata a fita, da yadda za a kauce wa ƙudan tsando da ke kashe dawaki a dazuzzukan kudu. Wannan ilimi ne, ba jarumtaka kaɗai ba.

To ga abin mamaki. A jerin sunayen sarakunan Zazzau na kafin Jihadi da aka gada a rubuce akwai Bakwa, akwai Karama, amma babu Amina. Saboda haka masana suka yi ta muhawara, waɗansu suna cewa ta yi sarauta, waɗansu suna cewa gimbiya ce mai jan runduna. Ko ma wanne ne, tsofaffin rubuce-rubucen da muke dogara da su game da ita daga maƙwabta suka zo mana, wato Kano da Sakkwato.

A zamaninmu kuwa sai abin ya juya. An sa wa kwalejin 'yan mata sunanta a Kaduna, an sa wa ɗakin kwanan ɗalibai mata sunanta a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, an yi mutum-mutuminta bisa doki a harabar Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa a Legas, a 2021 kuma wani fim mai ɗauke da sunanta ya zaga duniya ta kafar Netflix. Suna kam ya tashi. Amma duk lokacin da na tambayi ɗalibaina a aji me suka sani game da Amina, abin da kan fara fitowa shi ne tatsuniyar nan ta cewa a kowane gari takan ɗauki namiji ta sa a kashe shi kafin gari ya waye. In na ce to ku faɗa mini yadda ake tafiyar da rundunar dawaki, ko abin da ya sa take kewaye sansani da ganuwa, sai aji ya yi tsit. Ashe ana iya cika baki da sunan mutum alhali an binne aikin da ya jawo masa sunan.

Daga labarin Amina mun ga hanya biyu da ake tauye wa gwani haƙƙi: a share sunansa daga lissafi, ko a ɗaga sunan a watsar da aikin. Akwai hanya ta uku da ta fi waɗannan muni, kuma misalinta mafi bayyana sai mun leƙa ƙasar Ingila za mu same shi, saboda su sun rubuta komai nasu da kwanan wata.

Amaryar Boko A Filin Sukuwa

A Ingila tseren dawaki babbar sana'a ce, kuma mai horar da dawakin tsere sai da lasisi. Hukumar da ke ba da lasisin a wancan lokaci, wadda ake kira Jockey Club, ba ta ba mace har zuwa 1966. Ba wai babu mata masu horarwa ba ne. Suna nan, kowa ya san da su, hukumar ma ta sani. Dabarar da aka ɓullo da ita ita ce mace ta yi aikin, amma a rubuta lasisin da sunan mijinta ko babban yaron bargarta.

Akwai wata mata mai suna Helen Johnson Houghton wadda mijinta ya rasu a haɗari wajen farauta a 1952, ta ci gaba da riƙe bargarsa. A 1956 wani doki da ta hora, mai suna Gilles de Retz, ya ci tseren 2000 Guineas a garin Newmarket, ɗaya daga manyan tsere biyar na ƙasar. Da aka tashi rubutawa a littafi sai aka rubuta sunan mataimakinta, Charles Jerdein, don shi ke riƙe da lasisi.

Wannan ya tuna mini da wata tsohuwar al'adarmu ta biki. A da, in za a kai amarya akan ɗora wata yarinya bisa doki, a lulluɓe ta, a bi ta da kiɗa da guɗa, alhali amaryar gaskiya an bi da ita a ɓoye. Ita ta kan dokin ake kira amaryar boko. Namu wasa ne, kowa ya san wasa ne, kuma da an isa gida amaryar boko za ta sauka. Na Ingila kuwa an rubuta amaryar boko a littafin tarihi a matsayin amaryar gaskiya.

Wadda ta karya wannan al'ada wata dattijuwa ce mai suna Florence Nagle. Ta daɗe tana horar da dawaki da sunan yaranta, tana neman lasisi ana hana ta, har ta kai ƙara. A 1966 Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda mashahurin alƙali Lord Denning ke cikinta, ta ce ƙararta tana da tushe, hukumar kuwa da ta ga inda aka dosa sai ta ba da kai. Nagle ta karɓi lasisi tana da shekara sama da 70. Bayan shekara 17 kacal, a 1983, Jenny Pitman, wadda ta fara aiki a matsayin 'yar barga tun tana yarinya, ta zama mace ta farko da dokin da ta hora, Corbiere, ya ci Grand National, tseren nan mai tsallen shingaye 30 da ake yi a Aintree kusa da Liverpool. Ta sake cin sa a 1995 da wani doki mai suna Royal Athlete, Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma a 1998, kuma da ta bar barga a 1999 sai ta koma rubuta littattafan ƙagaggun labarai. Ita kuwa Johnson Houghton, a 1977 aka shigar da ita cikin mata uku na farko da suka zama 'yan wannan hukuma da ta hana ta lasisi.

Yanzu sai mu tambaya: me Johnson Houghton ta rasa a 1956? Ladan aikinta ya shiga hannunta, 'yan sana'a duk sun san ita ce, dokin ma bai san wani ubangida ba sai ita. Wani zai ce ai ba ta rasa komai ba sai tawada a takarda. Ni kuwa ina ganin an yi hasara biyu. Ta farko, an rubuta ƙarya aka kira ta tarihi, kuma duk wanda ya sa hannu ya san ƙarya ce. Ta biyu, an rufe wa na baya hanya. A 1956 Jenny Pitman tana da shekara 10. Yarinya irinta in ta buɗe jarida a ranar, abin da za ta karanta shi ne namiji ya hori doki ya ci tsere, kamar kullum. Mutum ba ya ɗora burinsa a kan abin da aka gaya masa ba ya yiwuwa, don haka wanda ya ɓoye sunan gwani ɗaya ya hana gwanaye da yawa tasowa.

Doki Bai San Suna Ba

Abin da ya sa harkar doki ta dace da wannan tattaunawa shi ne, doki alƙali ne da ba ya karɓar toshi. Bai san ɗan sarki ba, bai san ɗan barga ba, bai san rawani ko kallabi ba. Abin da ya sani shi ne hannun da ke riƙe da linzami, mai haƙuri ne ko mai gaggawa, da zaman da aka yi a bayansa, na mai tsoro ne ko na mai natsuwa. Ƙarfin damtse ba ya amfani a nan, don ba namijin da ya kai doki ƙarfi. Wannan ne ya sa a wasannin Olamfik hawan doki yake cikin 'yan wasannin da maza da mata ke karawa a fili ɗaya, kan lambar yabo ɗaya.

Shekarar 1952, a birnin Helsinki, aka fara barin mata su shiga gasar sarrafa doki ta Olamfik. A wannan shekarar wata mata daga ƙasar Denmark mai suna Lis Hartel ta zo ta biyu. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, cutar shan inna ta kama ta tun 1944, ƙafafunta daga gwiwa zuwa ƙasa ba sa aiki, sai an ɗora ta a kan dokin an kuma sauke ta. Ta sake cin lambar azurfa a 1956. Haka kuma a 2021 Rachael Blackmore, 'yar ƙasar Ireland, ta zama mace ta farko da ta ci Grand National tana bisa sirdi da kanta, kafin ta ajiye hawan tsere a 2025. Dawakin nan ba su canza hali ba tsakanin 1956 da 2021. Mutane ne suka daina rufe ido.

Ke nan gwaninta tana nan ko an yaba ko ba a yaba ba, kamar yadda hatsi ke nan ko an auna ko ba a auna ba. Yabo shi ne mudu. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin Annabi Shu'aibu (AS) yana gargaɗin mutanensa su cika mudu da ma'auni, kada su tauye wa mutane kayansu. A fahimtata, sunan mutum a kan aikinsa yana cikin kayansa. Wanda ya ga aikin kuwa ya zama shaida, kuma shaida ba alfarma ba ce.

Abin Da Masu Ja Za Su Ce

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne.

Na farko zai ce: ai neman suna riya ce, mai aikin ƙwarai ya yi don Allah ya bar wa Allah. Gaskiya ne, hadisi ya tsoratar da wanda ya yi yaƙi don a ce masa jarumi. Amma akwai wani hadisin kuma da ya nuna wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Waɗannan biyu ba sa karo, saboda mutum biyu daban ake yi wa magana. Na farko yana magana da mai aiki, yana ce masa kada yabo ya zama manufarka. Na biyu yana magana da mai kallo, yana ce masa kada ka ɓoye abin da ka gani. Ɓarnar da muke yi ita ce musanya su: wanda ya danne haƙƙin wani shi ne zai juyo yana yi masa wa'azin ikhlasi. Ɗan barga in ya yafe, ladansa na wurin Allah, amma yafewarsa ba ta wanke wanda ya share sunansa ba.

Na biyu zai ce: al'adarmu ta kunya ce, ba mu saba kiran sunan mace a bainar jama'a ba, balle a kan hawan doki. Ni ban zo da kiran a fito da mata jafi ranar Sallah ba, wannan magana ce ta malamai da iyaye da sarakuna. Maganata ba ta kai nan faɗi ba: inda aka riga aka yi aiki, a faɗi wanda ya yi. Muna da abin koyi a gida. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubuce-rubuce da Fulatanci da Hausa da Larabci, kuma ba a ɗauke su aka jingina wa mijinta Waziri Gidaɗo ko ɗan'uwanta Muhammadu Bello ba. An bar mata sunanta, shi ya sa har yau muke da ita. Wa zai ce gidan Shehu ba su san kunya ba?

Na uku zai ce: aikin doki aikin gayya ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to don me za a ware mutum ɗaya? Wannan hujja tana goyon bayana ne. Tunda hannuwa da yawa ne, sai a lissafa su, kowa da mudunsa. A littattafan tseren dawaki akan rubuta mai doki daban, mai horo daban, mahayi daban, kuma ambaton ɗaya bai rage wa ɗaya komai ba. Yabo ba tuwo ba ne da zai ƙare in an raba.

Sai dai akwai gargaɗi ɗaya da ya kamata mu riƙe. Mudu ana cutarsa ta fuska biyu, ta ragi da ta ƙari. Wanda ya yabi mace don kawai mace ce, bai duba ko ta iya ko ba ta iya ba, shi ma ya yi algus, kuma a ƙarƙashin yabonsa akwai raini, don tamkar yana cewa ne bai zaci mace za ta iya ko da wannan ba. Bambaɗanci da ɓoye shaida 'yan uwan juna ne, duka biyun sun bar aikin sun koma duban wanda ya yi shi. Abin da ya ɗaukaka Pitman shi ne Corbiere ya riga sauran dawaki isa, kuma wannan ba ra'ayin kowa ba ne.

Ina Muka Dosa, Mu Marubuta?

'Yan uwa marubuta, kada mu zaci wannan magana a barga ta tsaya. Sau nawa muka ji ana raɗe-raɗin cewa littafin wance ba ita ta rubuta ba, wani namiji ne ya rubuta mata, ba don an ga wata hujja ba sai don littafin ya yi kyau? Sau nawa marubuci zai kwashi labari daga bakin kakarsa, ko ya ba wani ya gyara masa rubutu tun daga farko har ƙarshe, amma a shafin godiya sai sunayen masu kuɗin da yake fatan su zo ƙaddamarwa? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya yi haka bai da bakin zargin Turawan 1956.

Ga masu tasowa da ke kukan ba su da abin rubutawa kuwa, ga fage nan a buɗe. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Abin farin ciki ne ga duk ƙasar Hausa. Amma ilimin da ke riƙe da hawan yana cikin kawunan tsofaffin 'yan barga da maɗinkan sirdi da maƙeran linzami da likkafa. Yaranmu da yawa yau ba za su iya bambanta akawal da kili ba, ko bidi da hurde, ko danda da gunya. Ku ɗauki alƙalami da takarda ku shiga lungunan birni inda ake turke dawaki, ku gai da dattawan nan, ku zauna ku saurare su. Ku tambaye su wa ya koya musu, wane doki ne ya fi ba su wahala, da me suke yi masa magani. Ku tambayi iyayenmu mata na gidajen sarauta abin da suka sani game da kiwon doki. Sa'an nan in kun tashi rubutawa, da izininsu, ku rubuta sunayensu daidai. Haka nan mai son rubutu a kan Amina ya bar maimaita tatsuniyar mazan nan, ya je Turunku ya ga wurin da idonsa, ya karanta abin da magabata suka rubuta, ya nuna mana mace a cikin aikinta.

Kammalawa

A taƙaice, amsar tambayarmu ita ce: gwani ba ya bin kowa bashin yabo, kuma in ya sa yabo a gaba ya ɓata aikinsa. Amma jama'ar da ta ga aikin akwai nauyin shaida a kanta, na ta faɗi wanda ya yi, ta faɗi abin da ya yi, ba ragi ba ƙari, namiji ne ko mace, mai rawani ne ko mai riƙon ragama. Masu iya magana da suka ce yabon gwani ya zama dole ba su ce ya zama alfarma ba. Tunda kuwa an ce dokin mai baki ya fi gudu, kuma a cikin al'umma marubuta su ne bakin, sai mu kula da dokin da muke ba gudu. Allah ya sa mu zama masu cika mudu, amin.